DA ƊAN GARI AKAN CI GARI: WA YA KAI RAHOTON BAƘON KAKANA?

Ina godiya ga hukumar wannan mujalla tamu da ta ba ni fili, sannan ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri in sun ci karo da karyayyar jimla, domin ni ɗan Mangawa ne daga ƙasar Karasuwa, Hausa kuwa a firamare da kasuwar Nguru na tsince ta, ba a zanen goyo ba. Amma tun da ita na zo karanta, da ita zan yi magana, in na faɗi ku tashe ni.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata rana a aji malaminmu yana lissafa mana jami'o'in ƙasashen waje da ake koyar da Hausa, sai ya ambaci Jami'ar Warso ta ƙasar Folan, ya kira sunan Farfesa Nina Pawlak da Farfesa Stanisław Piłaszewicz, wanda ya yi aiki a kan rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru na Kete-Karaci. Aji ya ɗauki dariya saboda yadda sunan na biyu ya ƙi faɗuwa a bakin kowa. Ni kuwa sai abin ya ba ni sha'awa, na ce bari in san wace irin ƙasa ce wannan da ta damu da Hausa alhali ko mulkin mallaka ba ta yi a Afirka ba. Garin wannan bincike na faɗa kan tarihin yadda 'yan sandan cikinsu na zamanin kwaminisanci suka riƙa bin diddigin 'yan ƙasar da suka yi gudun hijirar siyasa. Ban kai ƙarshen abin da nake karantawa ba sai na ga hankalina ya bar Turai ya koma ɗakin kakata, inda wani tsohon keken ɗinki yake ajiye a bayan gado shekara sittin da wani abu.

Ga labarin keken kamar yadda kakata ta sha ba mu. Kakana fatoma ne, wato yana saukar da fatake masu zuwa daga arewa, daga wajen Gure da Maine-Sorowa, da shanu da manda da kanwa, su kwana biyu a gidansa kafin su ƙarasa Nguru inda jirgin ƙasa yake tsayawa. A shekarar 1964 wani saurayi tela ya sauka a gidan, ya ce daga Damagaram yake, ya nemi a ba shi wani lungu na zaure ya riƙa ɗinki. Yana da 'yar rediyo, yana karanta boko na Faransanci, ba ya yawan magana. Ya yi wata huɗu. Wani dare bayan an kawar da amfanin gona sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, waɗansu mutane suka fito suka tafi da telan, suka haɗa da kakana. Kakana ya dawo bayan kwana goma sha tara, ya rame, bai taɓa faɗa wa kowa abin da aka tambaye shi ba har ya koma ga Allah. Telan kuwa shiru kake ji. Ba wanda ya zo neman kekensa.

To, akwai wani maƙwabci da suke cin tuwo akushi ɗaya da kakana da telan kullum da dare, kuma dama akwai 'yar jayayya tsakaninsa da kakana a kan iyakar gona. Ba a yi wata biyu da zuwan motar nan ba aka gan shi da sabon keken hawa. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci. Mutumin nan ya yi rantsuwa har ya gaji cewa akuyoyinsa ya sayar, ba wanda ya saurare shi. Tun daga ranar gidajen nan biyu ba sa auratayya, ba sa ɗiban wuta a wurin juna, gaisuwar ma sai ta mutuwa. Duk mutanen ukun da suka ci tuwo a akushin nan ba ko ɗaya a raye, amma gabar tana nan da ranta, mu jikoki muka gaje ta kamar gona.

Sai da na girma na gane abin da ake yi a shekarar. A ƙasar Nijar akwai jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wanda shi ne shugaban gwamnatin ƙasar kafin ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba, 1958. Ya nemi jama'a su ce “a'a” ga tayin Janar de Gaulle, su karɓi 'yanci nan take kamar yadda Gini ta yi, Faransawa suka taru a kansa, ya sha kaye, aka ɗora Jori Hamani da jam'iyyar RDA. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, Jibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako, sannan ya koma Gana wurin Kwame Nkrumah. Magoya bayansa da yawa talakawan birni ne, teloli da direbobi da 'yan kamasho da ƙananan ma'aikata, kuma Damagaram tana cikin manyan cibiyoyinsu. Da wuta ta yi wuta sai suka riƙa tsallako iyaka zuwa Nijeriya, musamman Kano, inda 'yan NEPU suka karɓe su hannu biyu, tun da dama kalmar “sawaba” ita ce kirarin NEPU tun kafa ta a 1950. Waɗansu daga cikinsu an tura su horon soja a Sin da Aljeriya da Gana, kuma a watan Oktoba na 1964 suka yi yunƙurin komawa gida da makamai ta iyakokin Nijeriya da Dahome da Bolta. Yunƙurin ya watse, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai, aka cika kurkuku da sauran. A ranar Babbar Salla ta watan Afrilu na 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Jori gurneti a filin idi, bai same shi ba.

Me ya sa yunƙurin ya watse da wuri haka? Dalilai suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne gwamnatin Jori tana da kunne a ko'ina. Tana da ofishin leƙen asiri da ake kira BCL, wanda jami'an Faransa suke ciki tsundum, kuma aikinsa bai tsaya a kan iyaka ba. Gwamnatin NPC ta Jihar Arewa ba ta da dalilin son abokan NEPU, saboda haka ɗan Sawaba da ya gudo nan ya gudu ne daga wani ido zuwa wani idon. Ko a 1967, bayan sojoji sun karɓi mulki a Nijeriya, sai da aka kama Usmanu Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin manyan jagororinsu, aka miƙa shi ga Nijar. Wanda yake son cikakken bayani ya nemi littafin Klaas van Walraven na Jami'ar Leiden da ya fito a 2013 a kan tarihin Sawaba, ya kusa shafi dubu. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne sai da Bature ya taso daga Holan ya bi tsofaffin nan gida-gida kafin labarinsu ya shiga takarda, mu da muke kwana da su a gari ɗaya muna can muna rubuta kundi na ɗari a kan ire-iren tuwo.

Ba ina cewa telan nan ɗan Sawaba ba ne. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma bawan Allah ne da rediyonsa ta ja masa. Abin da na tabbata shi ne, mota ba ta barin titi ta bi rairayi da dare ta tsaya daidai ƙofar gida ɗaya a ƙauye sai in wani ya nuna ƙofar. Wani ya faɗa, wani ya fassara, wani ya rubuta, wani ya sa hannu. Wato akwai takarda, ko an taɓa yin ta.

Yadda aka yi a Folan

A nan ne labarin Folan ya shigo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan kwaminis suka karɓi ƙasar da ƙarfin Tarayyar Sobiyet, dubban 'yan Folan suka ƙi komawa gida. A Landan suna da gwamnatin gudun hijira wadda ta ci gaba da zama har watan Disamba na 1990. A kusa da Faris Jerzy Giedroyc yana buga mujallar Kultura ana satar shigar da ita ƙasar. A birnin Munik na Jamus kuma akwai sashen harshen Folan na gidan rediyon Free Europe, wanda Amurka take ɗaukar nauyi, mutane suna kulle ƙofa su saurara kamar yadda iyayenmu suke kama BBC da asuba in an yi juyin mulki. Hukumar tsaron cikin gida da ake kira SB, tare da sashen leƙen asirin waje na ma'aikatar cikin gida, su ne aka ɗora wa aikin sa wa waɗannan mutane ido.

Hanyoyin da suka bi ba wasu na aljanu ba ne. Akwai ofishi guda wanda ba ya komai sai buɗe wasiƙu ya karanta ya mayar ya liƙe. Fasfo kuwa ba a hannun mai shi yake kwana ba, a ofishin hukuma yake, in kana son ka ziyarci ɗan'uwanka a Landan sai ka je ka roƙa, a nan ne za a ce maka, “Ba komai, za mu ba ka, amma in ka dawo ka leƙo mu sha shayi ka ba mu labarin su wa ka gani.” Wanda ya yi nisa kuma a kama shi ta hannun tsohuwarsa da ya bari a gida. Amma babban makamin shi ne mutum. A 1965 wani saurayi mai suna Andrzej Czechowicz ya sami aiki a gidan rediyon nan na Munik a matsayin ɗan gudun hijira kamar kowa. Ya yi shekara shida yana cin abinci da su yana kukan kewar gida tare da su, yana kwafe takardunsu. A watan Maris na 1971 sai ga shi a Warso gaban 'yan jarida, an gabatar da shi a matsayin kyaftin na leƙen asiri.

Ni a ganina ɓarnar da ya yi da bakinsa a ranar ta fi wadda ya yi da takardun da ya sata. Domin daga ranar duk wanda yake gidan rediyon nan sai ya waiwayi na kusa da shi ya ce a ransa, “To, wannan fa?” Hukumar ba ta buƙatar ta sa ɗan rahoto a kowane ɗaki, ya isa kowa ya yi zaton akwai shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne, bayan an ci garin an tafi, 'yan garin ne za su zauna suna zargin juna har jikoki. Abin da ya sami Munik a 1971 shi ya sami zauren kakana a 1964, bambancin kawai su sun san sunan nasu.

Kada wani ya ce wannan halin 'yan kwaminis ne kawai. Mu da ba mu taɓa yin kwaminisanci ba mun taɓa sa ministanmu a akwati. Ranar 5 ga Yuli, 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, inda ya gudu bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, aka yi masa allurar barci, jami'an kwastan na filin jirgin Stansted suka gano shi cikin akwatin katako ana shirin loda shi zuwa Legas. Kotun Ingila ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da wani ɗan Nijeriya guda, gwamnatin lokacin ta ce ba ruwanta. Kafin a san ƙofar gidan da lokacin fitarsa ai sai da aka yi kwanaki ana gadinsa. A zamanin Abacha ma waɗanda suka tsere waje suka buɗe Rediyo Kudirat, aka tuhumi Wole Soyinka da waɗansu da cin amanar ƙasa a 1997 ba sa nan. Mu mutanen wannan yanki kuwa an mayar da garinmu wurin jefa mutum: a 1989 gwamnatin Babangida ta kawo lauya Gani Fawehinmi kurkukun Gashuwa, don a ganinsu nan ne ƙarshen duniya. Har yau in na ce wa ɗan kudu daga wajen Gashuwa nake, abin da ya fara tunawa ke nan, ba kifinmu ba, ba shinkafarmu ba.

Inda muka rabu da Folan shi ne abin da aka yi da takardun daga baya. Da mulkin kwaminis ya faɗi aka rushe SB a 1990. A 1998 majalisarsu ta yi dokar kafa wata cibiya ta adana tarihin ƙasa, IPN, ta fara aiki a 2000, aka tattara fayilolin 'yan sandan ciki aka damƙa mata. In aka jera su za su kai kimanin kilomita 90, wato sun zarce nisan Nguru zuwa Gashuwa. Mutumin da aka yi wa leƙen asiri yana da ikon ya cika takarda ya je ya zauna ya karanta abin da aka rubuta a kansa. Jamus ta riga su, tun Janairun 1992 ta buɗe fayilolin Stasi. Mu fa? An kafa NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala, aka rushe ta a 1986 aka raba ta uku, kafin ita kuma akwai sashen musamman na 'yan sanda tun zamanin Turawa. Duk ina takardunsu? Kwamitin Mai shari'a Oputa ya zauna daga 1999, ya saurari kukan jama'a, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka sake shi a 2005. Muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, amma ta ware abin da ya shafi tsaro, ga kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 ba a soke ta ba. Hatta Ingila sai da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka maka ta a kotu kafin a 2011 ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayilolin da ta kwashe daga ƙasashen da ta mallaka, har da Nijeriya.

Ra'ayina shi ne a buɗe. Duk fayil ɗin leƙen asirin siyasa da ya shekara hamsin a fitar da shi daga hannun masu tsaro a kai shi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, a fara ba wanda abin ya shafa ko magadansa dama su karanta, sannan masu bincike. Wane tsaron ƙasa ne ya rage a cikin rahoton da aka rubuta a kan tela a 1964? Jam'iyyun da aka yi don su sun mutu, Jori ya rasu, Jibo Bakari ya rasu a 1998, har filin jirgin saman Yamai sunan Jori yake ɗauke da shi. Manya sun shirya a kan allunan gine-gine, an bar talakawa da gaba.

Na san abin da za a ce mini, domin wani abokina ɗan ajinmu ya riga ya faɗa mini a ɗakin kwana. Ya ce, “Kai Bamange, so kake ka tona rami ka tashi macizai. A ƙasar da ake ƙona gari saboda jita-jita za ka ce a fito da sunayen 'yan rahoto?” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma Folan ɗin ma ta ɗanɗana. A 2005 wani ɗan jarida, Bronisław Wildstein, ya fitar da jerin sunaye kimanin 240,000 daga ma'ajiyar IPN, jerin ya bazu a intanet, alhali a cikinsa an cakuɗa jami'ai da 'yan rahoto da waɗanda aka so a ɗauka suka ƙi. Mutane suka wayi gari maƙwabta suna yi musu kallon munafukai. Shi kansa Lech Wałęsa, jagoran ƙungiyar ƙwadagon da ta girgiza mulkin kwaminis, an yi shekaru ana jayayya a kan ko shi ne ɗan rahoton da ake kira “Bolek” a farkon shekarun 1970, a 2016 aka sami waɗansu takardu a gidan tsohon ministan cikin gida Janar Kiszczak, shi kuma ya ce ƙirƙira aka yi. Ga shi kuma jami'an sun ƙona fayiloli masu yawa a 1989 da 1990 kafin su bar ofis, ka ga wanda ya fi girman laifi shi ya fi samun damar share sawunsa.

Duk na yarda. Amma amsar da na ba abokina ita ce, macizan da yake tsoro ai ba a rami suke ba, suna cikin ɗaki tuntuni. Rufe fayil bai hana garinmu yanke hukunci ba, hana shi shaida kawai ya yi, sai ya yanke da keken hawa. In maƙwabcin nan shi ya yi, to jikokinsa ba su yi ba, kuma gara a san iyakar laifin a yafe shi, don ba a yafe abin da ba a tabbatar ba. In kuma ba shi ba ne, to mu ne muka zalunci gida guda shekara sittin, mu ke da bashin neman gafara. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda bai zama ba? Darasin da ke cikin abin da ya faru a 2005 shi ne kada a watsa suna tsirara ba tare da bayani ba, a sa masana su tace, a rufe sunan wanda ba a tabbatar ba. Ba darasin a ƙulle ɗaki a jefa mabuɗi a Komadugu ba ne.

Inda abin ya shafe mu

Wani zai ce, to mu ɗaliban harshe ina ruwanmu, wannan ai maganar 'yan tarihi da lauyoyi ce. Ruwanmu ya fi na kowa, don fayil ɗin leƙen asiri a ƙasarmu fassara ce tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ku duba hanyar da magana ɗaya za ta bi daga zauren kakana. An yi ta da harshen Manga gauraye da Hausar Damagaram. Ɗan rahoto ya kai ta ga wani da Hausa. Wani malamin ofis ya mayar da ita Ingilishi don mai gidansa. In ta tsallaka iyaka a sake juya ta zuwa Faransanci. Tasha huɗu ke nan, kuma a kowace tasha akwai mai son a ce ya yi aiki. Ɗan rahoton da ake biya bisa nauyin labari ba zai kawo labari marar nauyi ba.

Ɗauki kalmar “sawaba” kanta. A bakin tsohuwa sauƙi ce kawai, in zazzaɓi ya saki yaro sai ta ce an sami sawaba, in hatsi ya yi araha a ce kasuwa ta yi sawaba. Amma a 1964 mutum ya ce “Allah ya kawo mana sawaba” a gaban wanda bai kamata ba, in aka rubuta ta da babban baƙi a rahoton Ingilishi ta zama sunan jam'iyya, addu'a ta zama laifi. Ko tela ya ce wa fatomansa “kayan sun iso Nguru”, yana nufin yadi da zare. Tafinta yana iya rubuta kaya, yana iya rubuta makamai, ya danganta da abin da mai gidansa yake son ji. Haka “za mu gamu”, haka “an kusa”, haka habaici da zaurance da duk wata magana da Bahaushe yake yi da gefen baki. Baturen da zai karanta fayil a Landan ko Faris ba zai taɓa jin wannan ba, zai ɗauki abin da ya gani a rubuce a matsayin abin da aka faɗa. Mu ne za mu iya komar da jimlar Ingilishi cikin Hausar da ta fito, mu ce a'a, nan ga abin da mai maganar yake nufi, nan kuma tafinta ne ya ƙara gishiri. Idan an buɗe fayilolin babu irinmu a wurin, to za a maimaita zaluncin ne karo na biyu, wannan karon da hatimin masana.

Sannan akwai wani gefen da nake so mu kalla, ko da ba daɗi. Waɗanda suka yi fassarar nan a wancan zamani irinmu ne, masu harshe biyu ko uku, waɗanda aka ɗauka aiki don sun iya. Mu ma in mun gama, cikin wuraren da suke neman mai digirin Hausa akwai hukumomin tsaro, kuma yau ba sai an buɗe ambulan da tururi ba, wayar da ke aljihunka ta isa. Ban ce kada kowa ya yi aikin ba, ƙasar da take fama da masu tayar da bam tana buƙatar masu saurare, mu 'yan Yobe ba sai an gaya mana ba. Amma akwai bambanci tsakanin sauraren mai shirin kashe mutane da sauraren mai adawa da gwamna, kuma sau da yawa mai fassara ne mutum na farko da zai san wanne aka ba shi. Sanin cewa wata rana jikan wanda ka fassara zai zauna ya karanta abin da ka rubuta, da sa hannunka a ƙasa, shi kaɗai ya isa ya sa alƙalami ya yi hankali. Fayil ɗin da aka san ba za a taɓa buɗewa ba shi ne ake cika wa ƙarya.

Kafin gwamnati ta ji wannan kira, in ma za ta ji, akwai ma'ajiyar da ba ta buƙatar izinin kowa, kuma ita gara ba ta cinta, mutuwa ce take cinta. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1964 yau ya haura tamanin. Ina roƙon malamanmu su yarda ɗalibin aji huɗu ya ɗauki irin wannan a matsayin kundin kammala karatu, ya je Nguru ko Machina ko Maigatari ko unguwannin Kano da baƙin Nijar suka zauna, ya naɗi muryar tsofaffi, ya rubuta ta yadda suka faɗe ta, da karin harshensu, ba tare da ya gyara musu zuwa daidaitacciyar Hausa ba. A ciki akwai tarihi, akwai kalmomin siyasar da suka ɓace, akwai sunayen da ake kiran 'yan rahoto da su a kowane gari.

Ni na fara da gida a hutun da ya wuce, kuma ba don kundi kawai ba. Ɗan baffana yana son wata yarinya, jikar maƙwabcin nan ce, ita ma tana sonsa, maganar ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin kakata. Na shiga na zauna kusa da keken, na kunna rikoda a waya, na ce, “Kaka, ke kin ga lokacin da ya nuna ƙofar?” Ta ce, “Maigidana, mace tana cikin gida ina za ta gani?” Na ce, “To wa ya gani?” Ta yi shiru, ta ce kowa ya sani. Na ce kowa wa? Sai ta ce in kashe abin nan, na kashe. Ta daɗe tana kallon keken, sannan ta ce akwai wani ɗan kamasho da yake yawan zuwa zauren a watannin nan yana kawo ɗinkin da bai taka kara ya karya ba, yau aljihu gobe maɓalli, kuma bayan daren nan ba a sake ganinsa a garin ba. Ta ce ta faɗa wa kakana a lokacin, ya ce ta rufe bakinta. Na ce, “To maganar auren fa?” Ta ce a bari sai bayan Salla.